Kafin Hunturu Ya Kankama, Uwargida Duba Tagar Ɗakinki



A hunturun bara, wajen ƙarfe uku na dare, ina bakin aiki aka shigo mana da wata baiwar Allah da 'ya'yanta biyu. Uwar tana ta amai, tana cewa kanta zai tsage. Babbar yarinyar ba ta iya tsayuwa da ƙafarta, ƙaramin kuwa ko an tsungule shi da ƙyar yake motsi. Dangi suka kasu biyu, wasu na cewa tuwon dare ne ya ɓaci, wasu na cewa shafar iskokai ce.

Da muka bi diddigi sai maganar ta fito. Gilashin tagarta ya fashe tun da kaka, ta toshe gurbin da kwali, ta bi da leda ta ɗaure. Da sanyi ya tsananta sai ta cusa tsummokara a duk wata kafa da ta rage, ta shiga da kaskon garwashi, ta sa sakata. Abokiyar zamanta ce ta fito tsakar gida ta ji nishi, ta tashi maigida aka ɓalle ƙofar.

Abin da ya kwantar da su wata iska ce da gawayi da janareta ke fitarwa, ana kiranta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu. Allah ya yi da sauran kwanansu, duka ukun sun tashi. Amma har na koma gida da safe ina tunanin abu ɗaya: falle guda na gilashi da ba a maye ba ne ya kusa cinye rai uku.

Tun daga ranar, duk lokacin da na je gida Yalwan Damai, ko na kai ziyara wajen 'yan'uwa a Birnin Kudu da Sara da Gwaram, idona ba ya sauka daga kan tagogi. Akwai ta langa-langa da tsatsa ta liƙe, akwai ta gilashi mai falle-falle da muke kira luba wadda rabin haƙoranta sun zube, akwai ta alminiyam da ƙura ta hana ta tafiya. Mukan sauya labule, mu yi wa ɗaki fenti da Sallah, amma tagar da ke bayan labulen sai ta shekara ba wanda ya taɓa ta. Alhali aikinta shi ne ta buɗu in ana son iska, ta rufu in ana gudun ƙura da sanyi da sauro. Wadda ta kasa ɗaya daga cikin biyun nan tana bukatar gyara, komai tsadarta.

Tagar Inna mai gilashi biyu

Bari in fara da mai tsadar. Shekarun baya yayana da ke aiki a Abuja ya gyara wa mahaifiyarmu ɗaki, ya sa mata tagogi biyu irin waɗanda ake gani a manyan ofisoshi da otal-otal, masu gilashi ninki biyu. Aka yi ta zuwa kallo. Bayan 'yan shekaru, wata rana na tarar da Inna da tsumma a hannu tana ta dirzar ɗaya daga ciki.

“Inna, me kike gogewa haka?”

“Ke dai bari, 'yar nan. Na goge ta ciki, na sa yara sun goge ta waje, hazon nan ya ƙi fita. Ko yayanki ya sayo mini mai yanar ido ce?”

Na matsa na duba. Gumin yana can tsakanin gilasan biyu, inda hannu ba ya kaiwa.

Ga yadda irin wannan taga take. Falle biyu ne na gilashi aka jera, aka bar ɗan sarari a tsakaninsu, yawanci daga milimita 6 zuwa 20. A gefe-gefe akwai siririn ƙarfe da ya raba su, cikinsa cike da wasu ƙwayoyi masu tsotse laima, irin waɗanda kike gani a 'yar jaka cikin kwalin sabon takalmi. Sai a liƙe kewayen gaba ɗaya da danƙo mai ƙarfi, a kulle busasshiyar iska a ciki, ko wata iska da ake kira agon. Wannan kullalliyar iska ita ce sirrin tagar, domin zafi da sanyi ba sa ratsa ta da sauƙi, ƙara ma tana raguwa.

A ƙasashen sanyi aka ƙirƙiro ta. An fara sayar da ita sosai a Amurka wajen shekarun 1940, ta ƙara bazuwa a Turai bayan tashin farashin mai na 1973, lokacin da ɗumama gida ya zama abin tsada. Can matsalarsu ita ce kada ɗumin ɗaki ya gudu. Mu a nan rana ce ke dukan gilashin tun hantsi, ya ɗau zafi ya buɗa, dare ya yi ya huce ya tsuke. Yau da gobe sai danƙon gefen ya gaji ya tsage, laimar damina ta samu hanya, ƙwayoyin nan su sha har su ƙoshi. Daga nan sai gumi ya bayyana a ciki.

Don haka in kina da irinta, ki lura da inda gumin yake. In ta cikin ɗaki ne, kina shafawa yana gogewa, tagar lafiyarta ƙalau. Ɗakin ne ya cika tururi, wataƙila ana shanya ko dafa ruwa a ciki, sai a buɗe ya sha iska. In ta waje ne da asuba, raɓa ce. In kuwa tsakanin gilasan ne, liƙin ya mutu, kuma babu sabulun da zai fitar da shi. Kada ki bari wani ya ce zai huda gilashin ya busar. Wani gilashin ana taɓa shi da abin huda yake tarwatsewa, wanda bai tarwatse ba ma gumin kan dawo.

Maganinsa shi ne a sauya gilasan biyu tare, domin a haɗe suke zuwa daga masana'anta. Ba sai an fasa bango an cire firam ba. Mai aikin alminiyam zai ɓalle 'yan sandunan da suka riƙe gilashin, ya auna tsawo da faɗi da kauri, a ba da aikin a Kano ko Abuja. Kaurin nan shi ake yawan mantawa, kuma in aka kuskure shi sabon ba zai zauna ba. Kafin kuɗi su samu, tagar da ta yi hazo ba ta cutar da kowa. Tana buɗuwa, tana rufuwa, tana tare ƙura. Kyanta ne ya ragu, da ɗan ƙarfin tare zafi.

Ga masu gini da ke sha'awarta, amfaninta ya fi fitowa a ɗakin da ke da na'urar sanyaya ɗaki da wuta tsayayya, ko gidan da ke bakin babban titin da ya ratsa Birnin Kudu, inda manyan motoci ba sa barin mutum ya runtsa. Amma hasken rana da ya faɗo kai tsaye yana ratsa gilashi biyu ya gasa ɗaki, sai dai in an yi wa gilashin wani shafe na musamman. A ɗakin Inna, abin da ya kawo sauƙin zafin bazara shi ne asabari da muka rataya ta waje, da inuwar darbejiyar da ke yamma da ɗakin. Tare rana tun kafin ta taɓa gilashi ya fi arha, iyayenmu kuma sun daɗe da sanin haka.

Abin da za ki iya yi da hannunki

Ko mai gilashi biyu ce ko mai ɗaya, kulawar kusan iri ɗaya ce, kuma yawancinta ba ta bukatar ko sisi.

Ki fara da kaɗe ƙura a bushe da tsumma mai laushi. Ƙurar hunturu akwai yashi a cikinta, in kika dirza ta da jiƙaƙƙen tsumma za ta kankare gilashin. Bayan nan ki wanke da ruwan sabulu kaɗan, ki goge da busasshen ƙyalle. Ban da soson ƙarfe. Ki yi aikin da safe ko da yamma, domin zuba ruwan sanyi a kan gilashin da rana ta gasa yana iya tsaga shi.

In taki ta alminiyam ce da ake turawa gefe, ki dubi kwarin da take gudu a kai. Nan ƙura da gashi da matattun ƙwari suke taruwa har 'yan tayoyin da ke ƙasanta su cije. Tsohon buroshin haƙori ya isa ya share shi tas. Sannan ki goga kyandir a kan layin. Kada ki zuba man gyaɗa ko baƙin mai, suna kama ƙura su zama taɓo. In ta cije kada a ja ta da ƙarfi. Haka ake karya tayoyin, haka kuma gilashi ke subucewa ya faɗo wa yaro.

A ƙasan firam ɗin ta waje akwai wasu 'yan hudoji da aka bari don ruwan sama ya fita. In suka toshe, ruwa kan kwanta a kwarin, ya gangaro cikin ɗaki ya jiƙa bango. A taga mai gilashi biyu kuwa, kwanciyar ruwan nan tana cikin abubuwan da ke saurin kashe liƙin. Ki sa tsinke ki buɗe su.

Ki shafa baƙar robar da ta kewaye gilashin. In tana da laushi, ruwan sabulu kawai take so. Kananzir da man shafawa irin su basilin suna lalata ta. In ta bushe tana karyewa, ko ta zazzago, a sayo sabuwa. Da awo ake sayar da ita wurin masu alminiyam.

In luba ce, ki taɓa kowane falle ki ji ko yana rawa. 'Yan ƙarafan da suka riƙe shi ana matse su da filaya. Hannun da ake buɗewa da shi a ɗiga masa man keken ɗinki. In ta ƙarfe ce, a kankare tsatsa da samfefa, a shafa jan fentin nan na maganin tsatsa kafin a bi da mai launi. In ta katako ce, ki ƙwanƙwasa. In kika ji kamar fanko, ko kika ga jar ƙasa ta hau, gara ta shiga.

Sau biyu a shekara ya isa: a watan Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, da kuma Afrilu ko Mayu kafin saukarsa.

Ragar sauro

A wurina, a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ragar da ke jikin taga ta fi gilashin muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha bayyana cewa Najeriya kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Mu da ke asibiti ba ma bukatar a faɗa mana. Daga Agusta zuwa Oktoba gadajen yara ba sa zama babu kowa.

Sauron da ke kawo zazzaɓin nan da dare yake cizo, galibi a cikin ɗaki. Wani bincike da aka yi a ƙasar Gambiya, aka wallafa a 2009, ya nuna gidajen da aka sa wa raga sun samu raguwar sauron da ke shiga da kimanin rabi, kuma yaran gidajen sun fi tsira daga ƙarancin jini.

Amma raga mai huda daidai take da ƙofa a buɗe. Da rana ki shiga ɗaki ki ja labule, ki bi ragar da ido, musamman kusurwoyi da inda yara ke zira yatsa. Ƙaramar huda ki ɗinke da allura da zare mai ƙwari. Babba ki yanko ƙyallen raga ki yi mata faci. In ƙura ta toshe idanunta, iska ba za ta shiga ba, sai ki ji ɗaki ya yi zafi har a yi sha'awar yage ta. Buroshi da ruwa za su buɗe ta. Ki ɗaga kai kuma ki dubi tsakanin bango da rufin kwano, domin sauron nan ya fi son shigowa ta wannan kafa. Duk da haka ragar taga ba ta ɗauke miki kwana cikin gidan sauro ba, ba ta kuma ɗauke karɓar maganin riga-kafin da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara da damina ba.

Kada gudun ƙura ya sa ki kulle iska

Na san dalilin da ya sa muke toshe tagogi. Ki share ɗaki da safe, kafin azahar ya koma kamar ba a taɓa ba, ga yara da tari da mura. Amma ɗakin da mutum shida ko bakwai ke kwana a rufe ruf, numfashin juna suke shaƙa har gari ya waye. Ta haka tarin fuka da ƙyanda da sanƙarau suke samun hanya.

Sanƙarau ba baƙo ba ne a wurinmu. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, akasari a Arewa. A 2023 Jigawa ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda ake zargin sun kamu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar riga-kafi mai kare mutum daga nau'i 5 na ƙwayar cutar, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Lokacin cutar shi ne rani, daga hunturu zuwa bazara, sa'ad da busasshiyar iska da ƙura ke raunata hanci da maƙogwaro. Riga-kafi shi ne babban makami, iskar ɗaki kuma mataimakiyarsa ce.

Abin da nake yi a gidana shi ne, in iska ta taso da ƙura na rufe tagar da ke fuskantar arewa maso gabas, inda hunturu ke busowa, na bar ta ɗaya ɓangaren a ɗan buɗe da labule a sake. In gari ya lafa na buɗe duka ɗaki ya sha iska. Da dare a ƙara wa yara bargo da rigar sanyi da hula, a bar 'yar kafa a sama. Garwashi kuwa ba ya kwana a ɗaki, ko ya daina hayaƙi. Janareta ma a nisanta shi daga taga da ƙofa, kada a ajiye shi a soro ko baranda don gudun ɓarawo. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda, a fitar da su waje nan take, a buɗe ko'ina, a nufi asibiti.

In gilashi ya fashe

A fara fitar da yara. Ki sa takalmi, ki naɗe hannu da tsumma mai kauri, ki zare manyan ɓallin da suka rage a firam. A share, sannan a bi ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma don ƙananan da ido ba ya gani, a jefar da tsumman. A naɗe fasassun a kwali kafin a kai bola, saboda yaran da ke tsince-tsince. In tsagewa kawai ya yi, a manna salatif mai faɗi ciki da waje kafin mai gyara ya zo.

In wani ya yanke, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a riƙe kamar minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da man birki. In gilashin ya nutse a cikin nama kada a zare shi, a danne gefe da gefensa a tafi asibiti. A can ki tuna ki tambayi maganar allurar tetanus.

Kwali da leda na kwana biyu ne. Ki sa wa kanki rana, kada su wuce mako.

Magana da maigida da mai gyara

Sau da yawa gyaran taga yana maƙalewa ne a “sai an samu kuɗi”, saboda ba wanda ya san nawa ne kuɗin. Ki sauƙaƙa wa maigida. Ki ɗauki hoton wurin da wayarki, ki sa a auna, a tura wa mai gyara ya faɗi farashi. Falle ɗaya na luba, ko robar taga ɗaya, ko yadin raga, sau da yawa bai kai abin da ake kashewa a jinyar zazzaɓi guda ba. Akwai masu aikin gilashi da alminiyam a Birnin Kudu da Dutse, kayan da ba a samu a kusa ba kuma akan nemo su a Kano, irin su kasuwar Ƙofar Ruwa.

In mai gyara ya gama, kafin a sallame shi ki buɗe ki rufe da kanki sau uku, ki gwada makullin, ki watsa ruwa ta waje ki ga ko zai shigo. In kuma ana sa ƙarfen kariya a tagogi, ki roƙi a bar ko da ɗaya mai buɗuwa da kwaɗo ta ciki, a rataye ɗan makullin inda kowane babba ya sani. Ranar gobara, Allah ya kiyaye, taga kan zama ƙofa.

Ita kuwa matar da na fara ba ku labarinta, bayan wata biyu ta dawo da ƙaramin awo. Na gane ta, ita ma ta gane ni. Bayan mun gaisa na ce, “Maman yara, yaya tagar nan?” Ta rufe baki tana dariya, ta ce, “Malama, washegarin da aka sallame mu maigida ya kira mai gilashi. Ko awa ɗaya bai yi ba ya gama.”

Tagar Inna har yanzu da hazonta, Yaya ya ce sai ya zo hutun ƙarshen shekara. Amma mun share kwarinta, mun buɗe hudojin, mun ɗinke ragar, tana tafiya sumul da yatsa ɗaya. Uwargida, in kin ajiye wayar nan, ɗaga labulen ki duba taki. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya raya mana zuri'a.